Goɗiyata ta ɗauka ko bata ɗauka ba? Tambayoyi da amsoshi kan cikin goɗiya da shirin baye na gaba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon dawaki. Tambayoyin nan su ne suka fi yawan dawowa, daga Garwa zuwa Marwa har Kusiri da tsallaken ruwa wajen Njamena, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke zagayawa, an kai goɗiya baye, wata biyu wata uku sun wuce, mai ita na tsaye bakin turke yana kallon cikinta bai san ko ya ƙara mata dusa ba ko ya maida ta wajen ingarma. Ga amsoshin, wasu gajeru wasu kuma sai haƙuri don sun ɗan yi tsawo.

Malam wata uku kenan da aka kai goɗiyata baye, cikinta ya fito sosai. Ta ɗauka kenan ko?

Ba lallai bane Alhaji. A wata uku ɗan da ke ciki bai wuce tsawon tafin hannunka ba, ba shi zai turo ciki har ka gani daga nesa ba. Abinda ke kumbura cikin doki a wajenmu galibi busasshiyar ciyawa ce da karan dawa, abinci mai cika ciki amma ba ƙarfi, sai tsutsar ciki, sai kuma tsohuwar goɗiya da ta haihu sau huɗu sau biyar wadda cikinta ya riga ya saki, ita wannan ko babu komai haka zaka ganta. Ita kuma wadda bata taɓa haihuwa ba tana iya kai wata takwas har tara cikinta a ɗame kana rantsuwa babu komai. Mafi yawan girman ɗan, kusan kashi biyu cikin uku, a wata ukun ƙarshe yake yinsa. Don haka ido dai a wata uku ba shaida bane.

Toh idan babu likita kusa yaya zan gane?

Da ingarma zaka gane, shi ya fi ka sanin wannan aikin. Goɗiya tana zagayowa neman namiji kusan duk kwana 21, tana yin kwana 5 zuwa 7 tana karɓarsa sannan ta rufe. Idan ta ɗauka galibi bazata dawo nema ba. Saboda haka ka riƙe ranar da ya hau ta na ƙarshe, ka rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ko ka ajiye a waya, kada ka ce zaka tuna don wallahi bazaka tuna ba, sannan daga kwana na 16 ko 18 har zuwa na 24 ka riƙa nuna mata namiji, kullum ko bayan kwana ɗaya.

Yadda ake yi, a sa katanga ko danga mai ƙarfi tsakaninsu, kowa da mai riƙe masa ragama, a bar shi ya shinshina ta daga fuska zuwa kwiɓi. Kada ka yi gaggawa, ka basu kamar minti biyar don wata sai ta gama fushinta na farko tukuna take nuna gaskiya. Wadda ke nema zaka ga ta tsaya cak, ta ware ƙafafun baya ta ɗan durƙusa, ta ɗaga wutsiya ta karkatar gefe guda, tana sakin fitsari kaɗan kaɗan mai kauri, gabanta na buɗewa yana rufewa, wani lokaci har ta jingina kuturinta da dangar kana janta taƙi tafiya. Wadda bata nema kuwa kunnuwa zata kwantar baya, ta matse wutsiya, ta yi ƙara ta kai harbi, kai da ke riƙe da ita ma ka kula da gwiwarka. In ta ƙi shi duk kwanakin nan, ka sake gwadawa a zagaye na biyu wajen kwana 38 zuwa 45. Ta ƙi nan ma, toh akwai kyakkyawan zato.

Ta ƙi namiji har sau biyu. Shikenan na kwanta da sanin tana da ciki?

Zato na ce, ban ce tabbas ba. Akwai goɗiyar da jikinta ke rufewa wata biyu har uku ba ciki ba komai, sinadarin da ke hana neman namiji ne ya ƙi sauka. Akwai mai nema a ɓoye, ƙwai na fita amma bata nuna alama ko ɗaya, wannan ya fi yawa ga mai shayarwa don hankalinta na kan ɗanta tana ganin ingarma abokin gaba ne, da kuma matsoraciya. Akwai wadda rama ta kama a bazara, Maris Afrilu, haƙarƙari duk a waje, jikinta ya dakatar da komai sai ciyawa ta fito.

Sai wadda ta fi ruɗa mutane. Goɗiya ta ɗauka da gaske, cikin ya kai kwana 35 zuwa 40, a lokacin wasu ƙananan ƙulluka ke fitowa jikin mahaifa suna zuba wani sinadari a jini da likitoci ke kira eCG. In ɗan ya mutu bayan nan, kuma ɗan ƙarami ne ba wanda zai ga ya zube, ƙullukan basa tafiya tare da shi, suna nan suna aikinsu har wajen kwana 120, jikin goɗiya na zaune a matsayin mai ciki alhali wayam. Kaga mutum zai yi ta jira har wata shida bakwai kafin ya farga shekara ta tafi.

Tawa kuma akasin haka ne, an ce tana da ciki amma jiya na ga tana yiwa doki fitsari

Yana faruwa, wasu masu cikin suna nuna alamar nema, musamman a watannin farko. Kada ka yi saurin sakar mata ingarma. In da ciki kuma ya hau ta zai iya shigar mata da ƙwayar cuta ta bakin mahaifa ta yi ɓari. A duba ta tukuna.

Wannan eko da ake magana, daga yaushe yake nuna ciki?

Eko, wato na'urar hoton ciki, ita ce ke yanke gardama. Likita na saka kan na'urar ta dubura, a kwana 14 zuwa 16 bayan fitar ƙwai zai ga wani ɗan baƙin ƙwallo a allo, wajen kwana 25 kuma ana ganin bugun zuciya. In da hali a duba sau biyu, na farko a kwana 14 zuwa 16, na biyu bayan kwana 45 ko 60 don a tabbatar yana nan, in kuma kuɗin ko nisan bazai bari ba sai sau ɗaya, ni shawarata a yi shi wajen kwana 28 zuwa 30, an ga zuciya kuma ƙullukan nan basu fito ba, in babu komai kana da damar maida ta baye nan kusa.

Amfanin zuwa da wuri kuwa shi ne tagwaye. Mu da muka saba da awaki muna murna da tagwaye, a goɗiya musiba ce, mahaifarta ɗa ɗaya take iya ciyarwa, mafi yawansu zubewa suke a wata bakwai zuwa tara, in ma an haife su sai ka ga ƙanana marasa ƙarfi. Kafin kwana 16 ko 17 ƙwallayen na yawo cikin mahaifa, likita zai iya murƙushe ɗaya ya bar ɗaya, bayan nan aikin ya yi wuya.

Ba kowane likitan dabbobi ke da na'urar ba, ka fara tambaya a asibitin dabbobi na gwamnati da ke ƙarƙashin MINEPIA, ma'aikatar kiwo ta Kamaru, a yankinku, su suka san wanda ke da ita cikin masu zaman kansu. Masu kusa da Ngaundere akwai makarantar likitancin dabbobi ta jami'a. Dabara kuma, ku haɗu ku huɗu ku biyar masu goɗiyoyi ku kira shi rana ɗaya ku raba kuɗin man moto.

Akwai wani a garinmu da ke saka hannu ya duba shanu, ya ce zai duba min

Ka tambaye shi ko ya saba da dawaki, ba shanu ba. Duba ciki da hannu hanya ce ta gaskiya, gwani na ganewa daga wajen kwana 30, amma duburar goɗiya tafi ta saniya laushi nesa ba kusa ba, in ta yi yunƙuri hannu na ciki tana iya yagewa, kuma yagewar nan sau da yawa ajali ce. Sai da safar hannu doguwa, da abin santsi mai yawa, da yanke farce, da riƙo mai kyau. In ya ce ai duk ɗaya ne da saniya toh ka gode masa ka bashi goro ya tafi. Kai kanka kuma kada ka gwada.

Zan iya sayen abin gwajin ciki na mata a farmasi in tsoma a fitsarinta?

A'a, asarar kuɗi ce. Sinadarin da yake nema na mutum ne, babu shi a jikin goɗiya, kullum babu zai nuna maka. Gwajin jini na dawaki daban yake kuma kowanne da lokacinsa. Na eCG daga wajen kwana 40 zuwa 120 yake aiki, amma kamar yadda na faɗa yana iya cewa akwai alhali ɗan ya mutu, kuma in jaki ne ya hau ta don neman alfadari sinadarin yakan yi ƙasa sosai har gwajin ya ce babu. Akwai wani na estrojen da ake yi bayan kwana 100, shi in ya hau yana nuna ɗan na da rai.

Baba ya ce a bata ruwan sanyi da asuba a kalli kwiɓinta, in ɗa na nan zai motsa

Baba bai yi ƙarya ba amma sai ciki ya tsufa, daga wata bakwai zuwa sama. Ka tsaya gefe lokacin da take sha ko tana cin hatsi, ka kalli ƙasan ciki gaban hantsa kaɗan, ko ka ɗora tafin hannu wajen in mai haƙuri ce. Harbin ɗa guda ne mai ƙarfi, zaka ga fata ta zabura. Hanji ma yana motsi, shi nasa a hankali yake birgima, kuma mai son ganin ciki komai ya gani ɗa ne. Rashin ganin motsi baya nufin babu.

Na saye ta a kasuwa, dillali ya rantse tana da ciki har ya ƙara min kuɗi a kan haka, ba wanda ya san ranar baye

Rantsuwar dillali kam ka san matsayinta. Wannan sai likita, da hannu ko da eko zai faɗa maka akwai ko babu, ya kuma kimanta watanni. Gaba in zaka sayi goɗiya da kuɗin ciki, ko a Pitowa ne ko Bogo ko ina, a yi sharaɗi gaban shaidu cewa ƙarin kuɗin sai an duba.

Kafin a duba ka ɗauke ta a matsayin mai ciki. Ka raba ta da maza, har da ɗan dukushi mai shekara ɗaya da kake gani yaro ne, shi ma yana iya bayewa. Kada ka yi sukuwa da ita, kada a labta mata kaya a sharet, wato amalanke, da rana tsaka. Sannan tunda daga kasuwa ta fito ka ware ta sati biyu zuwa uku daga sauran goɗiyoyinka masu ciki, akwai ƙwayar cutar mura ta dawaki da ke jawo ɓari a watannin ƙarshe kuma baƙon doki ne ke kawo ta.

An ce akwai allurar da ke sa goɗiya ta nemi namiji cikin kwana uku. In yi mata?

Akwai ta, prostaglandin, kuma tana aiki cikin kwana biyu zuwa biyar in an yi ta a lokacin da ya dace. Amma allurar nan ita ce dai ta zubar da ciki. A farkon ciki guda ɗaya ta isa. Mutum ya gaji da jira ya ce bari in tayar da ita, ya zubar da ɗan da ya biya kuɗin bayensa da hannunsa bai ma sani ba. Ba a yinta sai an duba an ga mahaifa babu komai. Kuma mace mai ciki da mai ciwon asma kada su taɓa kwalbar, tana shiga ta fata.

Tunda an zo maganar allura, dexa, allurar kumburi da ake tsirawa dabba ba ka'ida ka kiyaye ta musamman a ƙarshen ciki. Maganin sammore irin Berenil ko Veriben da muke yiwa shanu, doki baya jurarsa kamar saniya, ƙari kaɗan sai ya zama guba, wannan sai likita. Maganin tsutsa na ivermectin na baki wanda aka yi don dawaki babu laifi ga mai ciki, na allurar shanu kuwa ba a yiwa doki shi a tsoka. Wadda ya kamata ka nema da kanka ita ce rigakafin ciwon dahi, tetanos, sati huɗu zuwa shida kafin haihuwa don ɗan ya samu kariya ta dakashi.

Wata nawa ne cikin goɗiya? Tawa ta cika goma sha ɗaya shiru

Matsakaici kwana 340, amma daga 320 zuwa 360 duk lafiya ne, wasu ma har su cika shekara su haifi ɗa ƙalau. Lissafi mai sauƙi, ka ɗauki ranar baye na ƙarshe ka koma baya kwana 25 a shekara mai zuwa. An hau ta 10 ga Nuwamba, ka sa rai tsakiyar Oktoba, amma ka fara sa ido tun ƙarshen Satumba.

Inda ake ruɗewa shi ne masu ƙirga da watan sama. Shekarar Musulunci kwana 354 ce, kenan 340 wata goma sha ɗaya da rabi ne ba goma sha ɗaya ba. In an baye ta ranar Babbar Sallah sai saura kamar sati biyu wata Babbar Sallar zata haihu. Ƙila taka ma lokacinta bai yi ba. In tana ci tana sha, ba zazzaɓi, ba wani ruwa mai wari daga gabanta, ka barta. Kada wani ya ce zai mata allurar naƙuda don ta daɗe, ɗan doki a kwanakin ƙarshe huhunsa ke gama nuna, in aka fito da shi da wuri ba kasafai yake rayuwa ba.

Wace alama ce ke nuna ta kusa?

Hantsa na fara cika sati biyu zuwa shida kafin nan, naman gefen gindin wutsiya ya saki ya yi laushi, ciki ya sauka. Saura kwana ɗaya zuwa uku zaka ga wani abu ya daskare a kan nonon kamar ƙaro, ɗigo ɗaya a kowane kai, dakashi ne ya tsattsafo ya bushe. Ba kowace ke yinsa ba, 'yar farin shiga tana iya haihuwa hantsarta ko cika bata yi ba. Amma in hantsa ta cika ko nono na zuba tun tana wata bakwai ko takwas wannan ba albishir bane, ko tagwaye ne ko cuta ta kama mabiyiya, ka kira likita ranar.

In ta fara naƙuda me zan yi?

Galibi da dare suke haihuwa kuma basa son ido, ka share wuri ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ka kwance ta daga turke ka koma nesa da tocilanka. Da faya ta fashe abin sauri ne, minti 20 zuwa 30 an gama, ƙafafun gaba biyu ke fara fitowa ɗaya ya ɗan wuce ɗaya, tafin kofato na kallon ƙasa, hanci a kansu. In minti 15 sun wuce ba abinda ya leƙo, ko ka ga ƙafa ɗaya kawai, ko wata jar jaka ta fito maimakon fara, gaggawa ce, jar jakar nan mabiyiya ce ta rabu da wuri, a yaga ta nan take don ɗan na shaƙewa. Bayan haihuwa ɗa ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. In ta wuce awa uku kada ka ja, ka ƙulle ta sama don kada ta taka, ka nemi likita, a saniya ana iya jira, a goɗiya kwana ɗaya ya isa ya kashe ta ko ya lalata mata kofato. Cibiyar ɗan a tsoma ta a maganin miki na Bétadine.

An duba, babu ciki. Juya ce kenan in sayar?

Haba, daga baye ɗaya? Ko lafiyayyar goɗiya da lafiyayyen ingarma ba kowane zagaye ake dacewa ba. Kafin ka ɗora mata laifi ka duba lokacin da aka kai ta. Ƙwai na fita ne kwana ɗaya zuwa biyu kafin ta rufe, wato a ƙarshen nema ba a farko ba, shi kuma maniyin ingarma kamar kwana biyu yake yi da ƙarfinsa a jikinta. Mu kuma abinda muke yi, ranar da aka ga ta ɗaga wutsiya a ja ta ƙauyen da ingarma yake, ya hau sau biyu a yini ɗaya, a dawo gida da yamma an gama, ita kuwa sai bayan kwana huɗu ƙwai zai fita. Daidai shi ne daga kwana na biyu ko na uku a riƙa haɗa su bayan kwana ɗaya ɗaya har ranar da ta ƙi shi da kanta. In nisa ne ka bar ta can sati guda da harawarta.

In an yi haka zagaye uku shiru, sai a duba mahaifa ko akwai ruwa ko ƙwayar cuta, musamman tsohuwa wadda gabanta ya zurma ciki kashi na gangarowa kansa. A kuma tambayi shi ingarman, goɗiyoyi nawa ya hau bana nawa suka ɗauka. Shekaru ma na da nasu, daga goma sha biyar zuwa sama ɗauka na raguwa.

Wane wata ya fi dacewa in kai ta?

Ka fara da tambayar wane wata kake son ɗan ya faɗo, sannan ka ƙirgo baya. A ƙasarmu dare da rana basu da bambanci sosai kamar Turai inda goɗiya ke rufewa duk hunturu, namu in suna ƙoshe kusan duk shekara suna nema, abinci ne ke mulki.

Ni a ganina, wajen Garwa da Marwa, baye a Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi. Goɗiya ta fito daga damina da kaka jikinta a cike, zata ɗauka da sauƙi, wata ukun ƙarshe da ɗan ke girma zasu faɗo Yuli zuwa Satumba ciyawa ko'ina, ta haihu Oktoba ko Nuwamba ruwa ya ɗauke, laka ta bushe, bobuwa da kaska da ƙananan ƙwarin magariba masu kawo annobar dawaki sun ragu, harawar gyaɗa da ta wake na arha. Aibinsa ɗaya, yaye zai zo Maris Afrilu cikin tsakiyar zafi, sai ka tara harawa tun kaka a kan rumfa.

Mutane da yawa a damina suke kaiwa, Yuli Agusta, don lokacin ne goɗiyoyi ke nema sosai. Lissafa ka gani, watanninta na ƙarshe zasu faɗo Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, ba ciyawa, harawa ta yi tsada, ga ɗa zai faɗo cikin laka da ƙuda. Mai hali zai iya, mara hali zai ga goɗiya ta zube.

Wanda kuma ke huɗa da ita ko jan sharet a damina lissafinsa daban, in an baye ta Nuwamba tana wata bakwai zuwa takwas lokacin garma, ya yi nauyi. Shi gara Fabrairu ko Maris in jikinta na da kyau, ta yi aikin damina da ƙaramin ciki, ta haihu Janairu ko Fabrairu daidai girbin masakwa ga masu karal, wato filin laka da ake dasa ta. 'Yan Ngaundere ruwanku na sauka tun wajen Afrilu kuma yana daɗewa, ku gyara lissafin da naku yanayin.

Ta haihu, an ce a kai ta baye ranar tara. Gaskiya ne?

Gaskiya ne tana nema tsakanin kwana 5 zuwa 12 bayan haihuwa kuma da yawa suna ɗauka. Sharaɗi, haihuwar ta zo da sauƙi, mabiyiya ta faɗo da wuri, ba yagewa, ba ruwa mai wari, jikinta kuma da nama. In ɗaya ya ɓaci ka bari sai nema na gaba wajen kwana 30. Wadda ta fara nema da wuri sosai, kwana biyar shida, ita ma gara a tsallake, mahaifa bata gama komawa ba. Ramammiya mai shayarwa kuwa ka bar ta ta huta shekarar, ɗa ɗaya mai kyau a shekara biyu ya fi biyu 'yan tsurut.

Wane irin ingarma zan nema? Akwai wani ƙato da ake hawan sallah da shi

Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Dokin da ya ƙawatar a hawan Lamido cikin kayan ado ba shi ke nuna yana haihuwa ba, ka nemi ganin 'ya'yansa. Ka duba ƙafafu a miƙe suke, kofato, baya, da hali, don mugun hali ana gadonsa. Ka leƙa ƙasa, 'ya'yan maraina biyu duk sun sauko, ba kumburi ba miki ba ruwa. Akwai wani irin sammore da ke bin baye kawai, gaba ya kumbura, fata ta yi tabo faifai, doki ya yi ta ramewa har bayansa ya shanye, ingarma ɗaya zai iya rabawa goɗiyoyin gari guda. Kada ya zama ubanta ko ɗan'uwanta, a ƙauyen da ingarma ɗaya ya shekara goma wannan na faruwa ba a lura ba.

Masu ƙananan dawakin Musai na wajen Yagwa da Bongor, kafin ku ɗora musu dogon doki irin Dongola don neman tsawo ku tuna abinda ya sa suke rayuwa a fadamar Logon inda manyan ke mutuwa, juriyarsu ga ƙuda da sammore, gauraye na rage ta. Maganar kuɗin baye kuma a gama ta tun farko, in bata ɗauka ba za a dawo kyauta ne ko sabon biya, sau nawa.

Ta yi ɓari a wata takwas, yaushe zan maida ta?

Ba yanzu ba. Ka ware ta daga sauran masu ciki, ka sa safar hannu ko leda kafin ka taɓa abinda ya fito, ka duba ko biyu ne. In likita zai iya zuwa ranar ya ɗauki samfur, akwai ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na LANAVET a Bokle kusa da Garwa, 'yan Cadi kuma akwai cibiyar binciken kiwo ta IRED a Farsha cikin Njamena. Sauran a binne da zurfi inda kare bazai tono ba. Ka bari ta yi nema ɗaya ko biyu a duba mahaifa ta tsarkaka tukuna. In tagwaye ne ka sani mai yinsu takan maimaita, wannan karon eko na kwana 14 ya zama dole.

Me zan riƙa bata?

Har wata bakwai abincinta na kullum ya isa in mai kyau ne, kada ka cika ta da hatsi ta yi ƙiba. Daga wata takwas ka ƙara a hankali, harawa ce kan gaba, sai dawa ko gero da dusa a raba sau biyu ko uku don cikinta ya matse bata iya cin da yawa lokaci guda. Dusa zalla ba harawa tana raunana ƙashi. Turton auduga, wato tunkuzar ƙwayar auduga da aka matse mai, kaɗan a gauraya, ba mudu mudu kamar na sa mai kiwo ba. Gishiri ko kanwa na lasa. Masara ko harawa mai funfuna a zubar, kada a ce asara. Kada ka bar ta ta yi kiwo a gyauron dawa ɗanye, yana da guba ga doki, yana taɓa mafitsara da ƙafafun baya har da ɗan da ke ciki. Ruwa kuwa mai shayarwa a bazara tana shanye bido biyu zuwa uku na lita 20 a yini.

'Yar dukusata shekara biyu, ta fara nema. In kai ta?

Suna fara nema tun shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi amma ita kanta bata gama girma ba, in ta ɗauka yanzu ita da ɗan zasu raba abincin kuma ita zata tsumbure. Ka bari ta cika uku, in ƙaramar jiki ce huɗu. Kafin nan ka gyara danga, kuma in ana sakin dawaki kiwo tare da rani ka sa yaro ya bi ta ko ka ɗaure ta gida kwanakin da take nema, jakin maƙwabci ma baya tambayar shekaru.